Ƙaro da Auduga a Bangon Titin Oxford

Laccar da aka gabatar a gaban taron Hausawa mazauna Manchester da Birmingham

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ƙaga halitta ba tare da samfuri ba, wanda ya sanya saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyinsa ga masu sani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.



Duk wanda ya taɓa shiga bas daga tsakiyar garin nan ya nufi Rusholme, ko don sallar Juma'a a masallacin Victoria Park, ko don sayen nama da kayan miya, to, bayan ya wuce jami'a ya zo daidai asibiti, sai ya ga wani gini na jan tubali ta hannun damansa, a bakin wani lambu mai manyan itatuwa. Wannan ginin shi ne gidan zane-zane na Whitworth, kuma shi ne mafarin maganata yau. Ni kaina na shekara uku ina wuce shi safe da yamma ban taɓa leƙawa ba, alhali kuwa ba a biyan ko kwabo a ƙofarsa, saboda na ƙudurta a raina cewa abin da ke ciki sha'anin Turawa ne, babu ruwan ɗan Hausa da shi. Ranar da ruwan sama ya kora ni ciki, na fito da nadamar shekarun nan uku, kuma nadamar ce ta sa na karɓi wannan gayyata.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in tsaya kan abin da na san yana zukatan da yawa daga cikinku, wato hukuncin surori, domin bai kamata a yi wa taron Musulmi maganar hotuna a tsallake shi kamar babu shi ba. Abin da muka karɓa daga malamanmu na Malikiyya shi ne, sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa, wato gunki cikakke na abu mai rai, wanda suka haramta yinsa, da surar da ke shimfiɗe a kan takarda ko bango ko tufa, wadda mafi yawansu suka ajiye a babin karahanci ko saɓa wa abin da ya fi. Surar itace da dutse da kogi kuwa ba su ga laifinta ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya taɓo mas'alar a ƙarshen littafinsa, duk wanda ya yi zaman zaure ya ji ta. Fatawa ta malamai ce, suna nan zaune a gabana. Abin da nake kira gare shi kawai shi ne kallon mai neman sani, irin kallon da matafiyi ke yi wa kufan mutanen da suka gabata. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ɗakunan da mumini zai runtse idonsa ya wuce, kuma su kansu masu gidajen suna jayayya kan wasu hotunan: a farkon 2018 babban gidan zane na birni, wanda ke Titin Mosley, ya sauke wani sanannen zane na John William Waterhouse mai nuna 'yan mata tsirara cikin tafki, don a yi muhawara kan yadda masu zane suka riƙa nuna mace, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka mayar da shi bayan kamar mako guda.

To, yaya mai neman sani zai kalli zane? Ni dai hanyar da na sani ita ce wadda na ga malamina yana bi idan aka kawo masa tsohon littafi na rubutun hannu. Ba ya fara da karatu. Sai ya juya takardar ya ɗaga ta ga haske, ya shinshina tawadar, ya duba hannun marubucin ko na Kano ne ko na Barno, ya nemi ƙarshen littafin inda mai kwafe ya sa sunansa da sunan wanda ya sa shi aikin, sa'an nan ya tambayi wanda ya kawo shi daga hannun wa ya gaje shi. Da me aka yi shi, wa ya biya, wa ya adana: idan kuka shiga gidan zane da waɗannan tambayoyi, za ku tarar bangon yana ba ku amsa, kuma za ku yi mamakin yawan wuraren da amsar ke ratsawa ta ƙasarmu.

Mu fara da mafi tsufa, wanda ke hannun 'yan'uwanmu na Birmingham. A harabar jami'ar garin, a unguwar Edgbaston, akwai Cibiyar Barber, wadda wata baiwar Allah, Lady Barber, ta kafa a 1932 don tunawa da mijinta, attajirin gidaje da filaye. Abin da mu za mu kira wakafi. Aka buɗe ginin a 1939. Ta gindaya sharaɗi cewa kada a sayi komai sai abin da ya kai darajar wanda ake ratayawa a babban gidan zane na ƙasa da ke Landan, shi ya sa ɗakunan ba su da yawa, amma mutum na iya ratsa shekara ɗari shida cikin sa'a guda. A can akwai wani ɗan allo na Simone Martini, mutumin birnin Siena ta Italiya, mai ɗauke da shekarar 1320, yana nuna Yohanna almajirin Annabi Isa, alaihis salam, cikin baƙin ciki. Ku lura da zamanin: saura shekara huɗu Mansa Musa ya ratsa Misra da zinariyarsa zuwa hajji, kuma Wangarawa ba su iso Kano ba tukuna, sai zamanin Sarki Yaji. A kan katako aka yi shi, an kwaɓa launin da gwaiduwar ƙwai, bayan mutumin kuwa babu gari babu sama, sai zinariya da aka buga ta yi laushi kamar fatar albasa aka liƙa. A waɗannan ƙarnoni, wani babban kaso na zinariyar da ke shiga biranen Italiya daga ma'adinan Afirka ta Yamma take fitowa, raƙuma su ƙetare da ita Sahara zuwa Magrib, fataken Janawa da Banisa su ɗauka a jirgi. Shuɗin da masu zanen wancan zamani suka fi daraja kuwa, wanda tsadarsa kan kai ta zinariya, dutsen lazawardi ne daga duwatsun Badakshan na Afganistan, ta hannun fataken Musulmi ya isa gare su.

Ƙarni guda bayan haka sai al'amarin ya sauya ta fuska biyu. A arewa, a yankin Flanders na Beljiyam, su Jan van Eyck suka gwanance da kwaɓa launi da man 'ya'yan kittani, wanda ba ya saurin bushewa kamar ƙwai, har mai zane ya sami damar ɗora launi bisa launi, siriri bisa siriri, sai haske ya zama kamar daga cikin allon yake fitowa. A kudu kuma, a Fulorensa, magini Brunelleschi da malami Alberti, wanda ya rubuta littafinsa kan zane a 1435, suka tsara ƙa'idar nisa da kusa, wato yadda za a sa ido ya ga zurfi a shimfiɗaɗɗen bango, abin da ke kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance bisa lissafi. Wannan ƙa'ida ba daga sama ta faɗo musu ba. Tushenta ilmin gani ne, babban limamin wannan ilmi kuwa shi ne Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira, wanda ya tabbatar da hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke aika haske ba. Littafinsa Kitabul Manazir an juya shi zuwa Latin, daga baya zuwa Italiyanci, kuma maƙerin tagulla Ghiberti ya ɗebo daga cikinsa da yawa a nasa rubutun. Saboda haka idan kuka tsaya gaban allon Giovanni Bellini da ke Barber, inda waliyyin Nasara Jerome ke zaune bakin kogo da zaki a gabansa, hanya kuma ta miƙe a bayansa tana siririncewa har ta ɓace, ku tuna cewa Bellini da mai zane Botticelli sa'o'in Muhammadu Rumfa ne, suna niƙa launi a lokacin da Shaihu Magili ke rubuta wa Sarkin Kano nasiha kan sha'anin mulki.

Akwai zane guda a Barber da nake roƙon kowane ɗayanku ya tsaya gabansa ya daɗe. Murillo, mutumin Ishbiliya ta Andalus, ya yi shi wajen 1672, yana nuna walimar aure da ke cikin Linjila. Ango da amarya suna zaune, manyan baƙi sun kewaye su, barori na cika manyan tuluna. A tsakanin barorin nan kuwa ga wani yaro baƙar fata, an sa masa tufa mai kyau ja da ado, yana aikinsa. Ba ƙaga shi mai zanen ya yi ba, domin Ishbiliya ta wancan lokaci cike take da bayi daga Afirka ta Yamma, kuma attajiri kan yi wa bawansa ado don a ga dukiyarsa, kamar yadda ake yi wa doki. Zanen bai ajiye mana sunansa ba. Na tsaya ina tunanin wace uwa ce ta neme shi ta rasa, kuma ina faɗa da nauyin zuciya cewa cinikin da ya kai irinsa can yana da masu saye da masu sayarwa, ba duka ne Turawa ba.

Mu dawo Manchester. Wannan gari ba shi da sarki ko fada da za a gaji hotuna daga gare ta. Garin masaƙu ne da hayaƙi, kuma duk abin da ke bangonsa da kuɗin ciniki aka saye shi. Attajiran garin sun kafa wata ƙungiya ta ilmi da fasaha a 1823, wadda gininta ne yau ya zama gidan zanen Titin Mosley, kuma zane na farko da suka fara saye, a 1827, hoton baƙin mutum ne: James Northcote ya zana Ira Aldridge, ɗan wasan kwaikwayo haifaffen New York, cikin shigar Othello, da kwarjininsa. A shekarar nan ce Kyaftin Clapperton ya rasu a Sakkwato yana baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ku gwada wannan fuska da ta yaron Murillo, ku ga bambancin wanda aka zana don a ƙawata walimar wani da wanda ya zauna aka zana shi don kansa.

A 1857 garin ya yi abin da ya girgiza Ingila. Suka gina wata katafariyar rumfa ta ƙarfe da gilashi a Old Trafford, suka aro abubuwan fasaha fiye da 16,000 daga gidajen masu sarauta da attajirai, aka jera hotunan bisa tsarin zamani da ƙasa, ta yadda mai kallo zai bi su kamar mai bin silsilar malamai, wane ya ɗauka daga wane. Cikin wata biyar da 'yan kwanaki mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari uku suka shiga, har da ma'aikatan masaƙu da iyayen gidansu suka yi wa jigila a jirgin ƙasa. Tun daga nan ra'ayin ya kafu cewa talaka ma yana da haƙƙin ganin abin da dā sai a ɗakin mai mulki.

Shi Joseph Whitworth, wanda gidan Titin Oxford ke ɗauke da sunansa, ba mai zane ba ne. Injiniya ne, maƙeri. Shi ne a 1841 ya fito da ƙa'ida guda ta murɗin noti da ƙusa, ta yadda notin da aka ƙera a Manchester zai hau ƙusar da aka ƙera a Birmingham, kuma ya ƙera bindiga mai dogon zango wadda sojojin Kudu, masu kare bauta, suka yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka. Da ya rasu a 1887 sai ya bar dukiya mai yawa a hannun wasiyyai uku, ɗayansu, Robert Darbishire, shi ya tsaya aka kafa wannan gida da lambunsa a 1889. Jami'ar Manchester ta karɓe shi a 1958, shekarar da su Uche Okeke, da Bruce Onobrakpeya, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, suna ɗalibai a kwalejin Zariya, suka kafa ƙungiyarsu ta neman a daina koya musu zane kamar su 'yan Landan ne. An sake faɗaɗa ginin aka buɗe a 2015, kuma yau yana riƙe da abubuwa fiye da dubu hamsin.

Babbar taskar gidan ita ce zanen ruwa, wato wanda ake yi a takarda da launin da aka jiƙa, kuma a nan nake so in daɗe, domin a nan na sami abin da ya sauya mini kallo. A 1892 John Edward Taylor, mai jaridar Manchester Guardian, ya ba gidan kyautar irin wannan zane guda 154, cikinsu har da na Turner, wanda Ingilishi ke ɗauka babban gwaninsu. Yau gidan na da na Turner fiye da hamsin. Turner an haife shi a 1775, yana saurayi mai tashe lokacin da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, ya rasu a 1851. Abin da ya sa a gaba shi ne haske da iska da ruwa: hazo a kan tafki, hadari a kan dutse, rana na neman ɓullowa ta cikin gajimare, har a ƙarshen rayuwarsa siffofin abubuwa suka kusa narkewa, saura launi kawai. Ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da surar mai rai ba, wannan ɗaki ne da zai tsaya ba tare da ƙunci ba, ya yi tasbihi ga wanda ya halicci abin da mai zanen ya ƙare ransa yana ƙoƙarin kamawa.

To, me ke riƙe garin launi a jikin takarda bayan ruwan ya bushe? Ƙaro ne. Ƙaron nan dai na itacen dakwara, wanda yaranmu ke ɓamɓarowa a daji su tauna, wanda alaramma ke jiƙawa ya zuba cikin tawada don ta kama allo ta yi sheƙi, wanda ake sa wa hula don ta tsaya. Turai ba ta da wannan itace. Mafi yawansa a bakin Sahara yake, daga kogin Sanagal, ya ratso ta Barno, har Kurdufan. A zamanin Turner mafi yawan wanda ke shiga Ingila daga Sanagal yake zuwa, Larabawan Muritaniya ke kawo shi bakin kogi, bayi ne kuma ke tsinto shi. Kuma darajarsa ta kai har Ingila ta aika jiragen yaƙi a 1758 ta ƙwace tashar Saint-Louis daga hannun Faransa, babban dalili kuwa shi ne ƙaro. Ba don masu zane kaɗai ba: masu buga ado a jikin yadi, a nan Lancashire, da shi suke kauraya rini don kada ya malala. Ashe abin da ke riƙe da ayoyi a allon almajiri a Zariya shi ne ke riƙe da hazon tafkunan Suwizalan a bangon Titin Oxford. Ranar da na fahimci haka, na koma gaban zanen na dube shi kamar yadda mutum ke duban baƙon da ya gano ashe suna da dangantaka ta wajen uwa.

Sai tambaya ta biyu, wa ya biya. Amsarta auduga ce. Mahaifin wannan Taylor, wanda ya kafa jaridar a 1821, ɗan kasuwar auduga ne, audugar kuwa bayi ne ke nomanta a gonakin Amurka. Jaridar da kanta ta sa aka bincika, ta amsa haka a bainar jama'a, ta nemi gafara a 2023. Adalci kuma ya sa in ambata cewa a ƙarshen 1862, lokacin da yaƙin Amurka ya tsayar da masaƙu yunwa ta shiga gidajen ma'aikata, taron ma'aikatan garin nan ya rubuta wa Shugaba Lincoln cewa suna bayansa kan 'yanta bayi, shi ya sa mutum-mutuminsa ke tsaye a tsakiyar gari. Ɗaya bakin cinikin kuma a kasuwanninmu yake. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da birni mai saƙa da rini wanda turkuɗinsa da rigunansa ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, amma ya ga yadin Manchester ya riga shi isa kasuwar ta hanyar Sahara. A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Biritaniya a garin nan, idonta na kan ƙasar Hausa, ita ce ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau, kuma masu masaƙun Lancashire na cikin waɗanda suka matsa a ja layin dogo, ya isa Kano a 1911. Manomanmu dai suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, masaƙanmu kuma suka daɗe suna saye audugar da tsadar da Bature bai iya biya ba. Amma sannu a hankali akoko da alawayyo da atamfa suka cinye kasuwar saƙi, karofi da yawa suka bushe. Kakanninmu mata da suka ɗaura atamfar Ingila ranar salla sun sa nasu kwabon a ginin garin nan.

Idan kuna son ganin yadda garin yake a daidai wannan lokaci, ku je Titin Mosley ku nemi zanen Adolphe Valette, Bafaranshe da ya koyar a makarantar fasaha ta All Saints, malamin mai zane L. S. Lowry. A 1910 ya zana wannan titi namu da kansa: hazo da hayaƙi sun rufe sama, hasumiyar kamfanin inshora na Refuge na tasowa kamar inuwa, keken doki da mota na tafe tare, mutane sun duƙa cikin baƙaƙen tufafi. Hasumiyar na nan har gobe kusa da tashar jirgin ƙasa. Dab da makarantar da ya koyar kuma, a zauren Chorlton-on-Medlock, aka yi babban taron 'yan Afirka na biyar a watan Oktoba 1945, inda Nkrumah da Kenyatta da Du Bois da Jaja Wachuku suka zauna suka nemi a kawo ƙarshen mulkin mallaka. Fuskar ginin na nan da allon tunawa. A gidan na Mosley kuma akwai babban zanen Ford Madox Brown mai suna Aiki, wanda ya ɗauke shi daga 1852 zuwa 1865, inda ya sa leburori masu haƙan titi a tsakiya cikin hasken rana, ya tura masu hawan doki can baya cikin inuwa. Ƙaramin kwafinsa na gidan tarihin Birmingham.

Tambaya ta uku ita ce adana, kuma a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. A watan Afrilu 2003 ɓarayi suka shiga Whitworth da dare suka ɗauke zane uku: na Van Gogh mai nuna ganuwar Faris, na Gauguin daga tsibirin Tahiti, da na Picasso mai suna Talauci, wanda ya yi a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Nasara. Kwana ɗaya ko biyu aka tsince su a nannaɗe cikin kwali, a wani tsohon bayan gida da ke gefen lambun, damshi ya taɓa su, tare da 'yar takarda mai cewa don a nuna raunin tsaro aka yi. Abin lura shi ne yadda ƙasar duka ta tashi saboda takarda uku, da yadda gwanaye suka zauna da haƙuri suka gyara su har suka koma bango. Zanen ruwa haske ma na cinye shi, don haka ba kullum ake baje shi ba. Ana rataya shi 'yan watanni cikin ɗaki mai dushin fitila, sa'an nan a mayar da shi akwati ya huta, ana auna zafi da laima dare da rana, kowane ɗaya da lambarsa da tarihin hannuwan da ya bi. Da irin wannan kiyayewa ce jami'ar Birmingham ta riƙe wasu ganyen Alƙur'ani guda biyu a taskar Mingana, har aka auna fatarsu a 2015 aka tarar ta tsakanin shekara ta 568 da 645 ce, wato daf da zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam.

Mu ma muna da abin ajiya, kuma ba ƙarami ba ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, aiki ne da masana gini na duniya ke zuwa kallo. Akwai zanen bangon zaurukanmu, da aska takwas a gaban riga, da zayyanar da ke kan rubu'i da hizbi a Alƙur'ani rubutun hannu, wadda ita ma launi ne da ƙaro a kan takarda, daidai da sana'ar Turner, sai dai maƙasudi ya bambanta. Akwai masu ƙoƙari, a Gidan Makama na Kano, da Arewa House ta Kaduna, da ma'aikatar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, Allah ya saka musu. Amma mafi yawan abin yana gidajen gado. Na san wani gida na dangina inda aka buɗe adakar kakanmu bayan shekara ashirin, aka tarar gara ta mai da rabin littattafan ƙasa, sauran kuma aka raba su ganye-ganye tsakanin magada don kowa ya sami albarka, har babu littafi ɗaya da ya rage cikakke. Ina cikin waɗanda suka karɓi nasu ganyen suka yi shiru. Lady Barber da wasiyyan Whitworth ba su yi wani abu da shari'armu ba ta sani ba. Babin hubusi na nan a Muhtasar da Risala, mun karanta shi, mun kuma gina masallatai da rijiyoyi a kansa, sai dai har yanzu ban ga attajirinmu ya tsayar da gida da albashin mai kula don rigar kakansa da littafin malamin unguwarsu ba. Daga cikin ɗaliban da ke zaune a nan akwai masu karatun kimiyyar sinadarai da masu karatun tarihi, kuma gyaran takarda da tufa fanni ne da ake koyarwa a ƙasar nan har a ba da shahada.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar Azahar, zan tsaya a ƙofar Whitworth ta wajen titi, duk mai hali ya zo da iyalinsa, musamman yara. Za mu fara da abin da muka tarar an baje na zanen ruwa, mu wuce ɗakin tufafi, inda suke ajiye da yadudduka tun daga na Kibɗawan Misra, sa'an nan masu sauran ƙarfi mu taka zuwa Titin Mosley, mu bi ta gaban zauren taron 1945, mu gai da Ira Aldridge. Zan zo da ɗan ƙaro a aljihu, wanda aka aiko mini daga Gashuwa, don yaran da aka haifa a nan su taɓa shi da hannunsu kafin mu shiga. 'Yan'uwa na Birmingham kuma, a tambayo mana ranakun da Barber ke buɗe, mu sa rana mu zo muku.